Daga Dandalin Kaka Zuwa Takobin Ƙasa: Wa Ke Riƙe Da Kokawa?

Bayan an gama yankan gero bara, wani dattijo daga wani ƙauye kudu da Matameye ya zo ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar. Ɗansa ɗalibina ne a kwaleji, yaro mai kafaɗa, mai ƙarancin magana, wanda ba ya cikin na gaba a aji amma kuma bai taɓa zama na baya ba. Da muka gama gaisawa, ya tambayi iyali, na tambayi amfanin gona, sai ya zaro wata takarda daga aljihun gaba ya miƙo mini. Ya ce wani mutum ne ya zo daga birni, ya ga yaron ya kayar da samari uku a dare ɗaya, ya ce a ba shi shi ya tafi da shi, zai ciyar da shi, ya horar da shi, nan da ƴan shekaru a gan shi a talabijin yana neman takobi.

"Mushe," in ji shi, "kai ka yi boko. Kokawar nan yanzu sana'a ce, ko har yanzu wasa ce? In sana'a ce, in sallame shi. In wasa ce, ya zauna ya yi karatunsa."

Na ce, "Baba, bar mini takardar, ka ba ni kwana biyu." Gaskiyar magana, karanta takardar bai fi aikin minti biyar ba. Tambayarsa ce ta fi ƙarfina, domin ba a amsa ta sai an koma an duba yadda kokawa ta taso, hannun wa ta bari, hannun wa ta shiga. Abin da na tattaro ke nan nake so in ajiye a gaban malamai ƴan uwana da iyayen yara, don na tabbata ba a gidan wannan dattijo kaɗai irin wannan takarda za ta sauka ba.

Kokawar da kakanninmu suka sani ta kaka ce. Sai hatsi ya shiga rumbu, ciki ya cika, wata ya yi fari, sannan sarkin samarin wani gari zai aika wa takwaransa goro. Ranar da aka sa, baƙi su iso da makaɗansu, a sauke su gida-gida, a yi musu tuwo da fura. Da dare a taru a dandali, a yi da'ira, ƴan mata gefe guda, dattawa a kan tabarmi. Ɗan kokawa ya fito da warki da layu da guraye, ya yi kirari, ya zagaya fili, wanda ya ji zai iya ya fito ya tare shi. Babu agogo, babu usur. Tsofaffin ƴan kokawa su ne alƙalai, in an daɗe ba kaye su shiga su raba, in rigima ta taso mai gari ya tsawatar, magana ta mutu a nan. A yankinmu na Kance iyakar da Turawa suka shata ba ta hana komai ba. Samarin ƙasar Daura suna zuwa, namu suna tafiya, sau da yawa ma wanda ka kayar ɗan gwaggonka ne.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi wannan kokawar. Na tambaye shi sau ɗaya abin da ya samu a cikinta duk tsawon ƙuruciyarsa. Ya ƙirga mini da yatsa: riga ɗaya, ɗan akuya ɗaya, goro mai yawa, da matarsa ta fari, wadda ya ce ba don kayen da ya yi a garinsu ba da ko kallonsa ba za ta yi ba. Ya yi dariya, ya ce saura kuma ciwon kafaɗar da ke tashinsa da sanyi. Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya dogara da kokawa don cin abinci. Gari ne ke ɗaukar nauyinta, gari ne ke hukunci, gari ne kuma ke cin riba, ribar kuwa suna ce. Ruwa na sauka kowa ya rataye warki ya ɗauki hauya.

Wannan tsari ya canza cikin shekara ɗaya. A ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau mulki, ƙasa tana fitowa daga farin da ya kashe dabbobi ya watsa mutane. Sabuwar gwamnati tana neman abin da za ta haɗa kan jama'a da shi ba tare da jam'iyya ba. Sai ta ɗauko samariya, tsohon tsarin samarin gari, ta mai da shi tsani tun daga unguwa har fadar gwamnati. Cikin wannan yanayi aka shirya gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya zama zakara. Daga nan gasar ta riƙa zagaya manyan biranen jihohi, ana gina fili a duk inda za ta sauka. Sunayen da rediyo ya shigar gidajenmu, irin su Kantu, da Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da namu Langa-Langa na Damagaram, sun zama kamar na ƴan gida. Yau filin kokawar Damagaram sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi, na Maraɗi na Kantu, na Doso na Salma. Muna yara, in muryar Sagalo ta tashi a rediyo, ko mai tallan ƙosai sai ta tsaya.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ta ɓata kokawa. Ban san wani abu da ke zaunar da Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafulatani a gaban akwati ɗaya, suna ihu ɗaya, kamar kwanaki goman takobi ba. Amma ya kamata mu faɗa wa yaranmu abin da ya faru da sunansa. A 1975 kokawa ta tashi daga hannun gari ta koma hannun ofis. Agogo ya shigo, alƙali mai usur ya shigo, da gargaɗi da maki. Ɗan kokawa ya daina wakiltar garinsu, ya koma wakiltar jiha. Kuɗin da ake kashewa ya daina fitowa daga rumbun gari, ya koma fitowa daga kasafin ma'aikatar matasa da wasanni. Duk wanda ke biyan makaɗi kuwa shi ke zaɓen kiɗa.

Muddin samariya na da rai, tsanin yana nan: daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙasa. Kountché ya rasu a 1987, aka yi babban taron ƙasa a 1991, jam'iyyu suka dawo, samariya ta bi iska. A 1994 aka karya darajar sefa. Malaman da suka yi aiki a waɗannan shekaru sun san watannin da aka yi ba albashi, balle kuɗin kokawa. Lissafi kaɗai ya isa shaida: gasar da aka fara a 1975, wadda aka yi a Doso a Disamba 2024 ita ce ta 45. Akwai shekarun da aka tsallake ke nan, duk lokacin da baitulmali ya bushe ko ƙasa ta shiga wani hali. Saman tsanin ya tsira, don kowace gwamnati tana son a ga shugabanninta suna miƙa takobi. Ƙasan tsanin ne ya rube. Dandalin da kawuna ya yi kokawa yanzu shaguna ne, kuma samarin da ya kamata su cika shi, kaka na yi sun tafi cin rani Kano ko Agadas ko Aljeriya.

To yaya abin yake a yau? Jihohi takwas, kowace da ƴan kokawa goma, mutum tamanin ke nan. Wanda ya yi nasara yana samun takobi da doki da rawani da miliyoyin sefa, ban da kyaututtukan gwamnoni da attajirai. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi har sau shida, abin da ba wanda ya taɓa yi, kafin Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi a gaban mutanen Doso a 2024. Mu ma nan ba mu manta daren 2018 ba, da Tasi'u Sani ya riƙe takobi a gida Damagaram, babura suka kwana suna zagaya Matameye da ham. Wannan shi ne abin da ɗalibina yake gani a wayar abokinsa. Abin da ba ya gani shi ne sauran mutum saba'in da ɗoriya, waɗanda bayan kwana goma za su hau mota su koma gida da ɗan abin da ya rage na guzuri, su jira wata goma sha ɗaya. A tsakani, in an yi sa'a, wani attajiri ya shirya wasa, ko ɗan siyasa ya nemi a tara masa jama'a, ko a tsallaka Najeriya a yi kwanaki ana kokawar kuɗin ƙofa. Ba wasa ba ce, don mutum ya bar gona da makaranta saboda ita. Ba sana'a ba ce, don babu albashi, babu yarjejeniyar da wata hukuma ke dubawa, babu wanda ya wajaba ya ɗauki nauyinka ranar da ƙashi ya karye.

Da nake neman wani wasan da ya taɓa tsayawa a irin wannan mararraba, wanda na samu ya fi kama da namu wasa ne da ba a yi a Matameye ko kaɗan, wato ƙwallon zari-ruga. Na fara kallonsa ina ɗalibi a Yamai, lokacin gasar duniya ta 2007 da aka yi a Faransa. Mutum goma sha biyar ne kowane gefe, ƙwallon kamar ƙwai, ana ɗauka a ruga, abokin hamayya ya rungumo ka ya kayar. Wani abokina daga Tawa da ya gani cewa ya yi, ai wannan kokawa ce aka jefa wa ƙwallo. Tarihinsa kusan duka rigima ce a kan tambayar da dattijon nan ya yi mini.

An kafa hukumar wasan a Ingila a 1871, kuma ƴaƴan masu hali ne suka kafa ta, waɗanda suka yi manyan makarantu. A wurinsu karɓar kuɗi don wasa abin kunya ne. Amma a arewacin ƙasar, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙu ne suka rungumi wasan, su kuwa ranar Asabar ranar aiki ce, in ka tafi wasa an yanke maka ladan yini. Kulob-kulob ɗinsu suka ce a bari su biya ɗan wasa abin da ya rasa kawai. Hukuma ta ƙi. A ranar 29 ga Agusta 1895, a wani otal a garin Huddersfield, kulob 22 suka ɓalle suka kafa tasu hukuma, suka yarda da biyan sule shida a yini. Daga baya suka rage ƴan wasa zuwa goma sha uku, suka canza dokoki, wasa ɗaya ya zama biyu har yau. A kan sule shida.

Waɗanda suka rage suka yi shekara ɗari suna rantsuwa cewa su ba sa biyan kowa. Duk wanda aka kama ya taɓa wasa da ƴan ɓallewa, an kore shi har abada. A 1931 ma an fitar da Faransa daga gasar ƙasashe biyar, cikin dalilai har da zargin kulob ɗinta na biyan ƴan wasa a ɓoye. Amma kowa ya san ana cusa wa ɗan wasa kuɗi a cikin takalmi, ko a ba shi aikin da ba ya zuwa. Duk wanda ya san yadda ake yi wa ɗan kokawa ihsani a bayan fili zai gane wannan.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne talabijin. A 1995 aka yi gasar duniya a Afirka ta Kudu, wadda Nelson Mandela ya miƙa kofinta, duniya duka tana kallo. A daidai lokacin kamfanin Rupert Murdoch ya sayi ikon nuna wasannin Afirka ta Kudu da Ostareliya da New Zealand na shekara goma a kan dalar Amurka miliyan 555. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Wasu ƴan kasuwa kuma suna bin ƴan wasa a ɓoye suna sa su sa hannu don kafa wata gasa ta daban. Hukumar duniya ta ga in ba ta yi sauri ba za a ƙwace wasan daga hannunta, sai ta zauna a Paris a ƙarshen Agusta 1995 ta ce daga yau an halatta biya. Shekara ɗari ana ƙi, aka yarda cikin ƴan kwanaki, kuma ba a tanadi wata doka ba ta yadda za a yi.

Nan ne darasin yake, don kowace ƙasa ta kama hanyarta, kuma bayan shekara talatin ana iya ganin inda kowace ta kai. A New Zealand da Ailan hukumar ƙasa ce ta yi wuf ta ɗauki manyan ƴan wasa aiki, ita ke biyansu, ita ke cewa wane ya huta wannan mako. Ailan, ƙaramar ƙasa, ta kai matsayi na ɗaya a duniya da wannan tsari. A Faransa kulob ne ke biya, amma an kafa ƙungiyar kulob a 1998, akwai kuma hukumar da ke bincika littafin kuɗin kowane kulob, wanda lissafinsa bai daidaita ba a sauke shi ƙasa ko da ya ci wasanninsa. A Ingila kuwa hukuma ta tsaya jinkiri, attajirai suka saye kulob, suka shiga tseren albashi da kuɗin da wasan ba ya samarwa. Tun 1999 wasu suka fara durƙushewa. A 2018 kulob ɗin suka sayar wa wani kamfanin zuba jari mai suna CVC kashi 27 cikin ɗari na gasarsu a kan kimanin fam miliyan 200. Kuɗin ya shiga biyan bashi da cike giɓin annobar korona, kason kamfanin kuwa yana nan yana fita kowace shekara. A 2022 Worcester ta rushe, Wasps ta bi ta, kulob ɗin da ya ci kofin Turai a 2004 da 2007. A 2023 London Irish ta bi su. Gasar kulob 13 ta koma 10 cikin wata tara, ɗaruruwan mutane suka wayi gari ba aiki, har da yaran da suka bar karatu suka shiga makarantun horon waɗannan kulob. A Wales kuma a 2025 an yi ta rigima a kan rage ƙungiyoyinsu huɗu zuwa uku.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Da wasan ya zama sana'a, ƴan wasa suka ƙara nauyi, wasanni suka ƙaru, karo ya ƙaru. Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya fito a 2020 ya ce likitoci sun same shi da cutar mantuwa yana ɗan shekara arba'in da kaɗan, kuma ba ya tuna wasan da ya ci kofin. Shi da ɗaruruwan tsofaffin ƴan wasa sun kai hukumomin wasan kotu. Ban karanta wannan labari ba sai da na tuna kafaɗar kawuna, na kuma tuna tsofaffin zakarun da mukan ji a rediyo ana nema musu taimakon magani.

Ba sai mun je Turai ba ma. A Senegal kokawarsu ta riga tamu shiga kasuwa. Tun 1994 suka kafa kwamitin ƙasa mai ba da lasisi da hukunci, ƴan kasuwa masu shirya wasa kuma su ke biya, har manyan ƴan kokawa suka kai ga karɓar sefa miliyan ɗari a karo ɗaya. Amma babba yakan yi karo ɗaya a shekara, wani lokaci shekara ta wuce ba ko ɗaya, dubban samari kuma suna gudu a bakin teku kullum suna jiran ranar da ba za ta zo wa yawancinsu ba. A Najeriya kuma dambe ya riga ya shiga hannun kamfanoni masu ɗaukar bidiyo suna sayar wa duniya ta intanet.

Ina ganin mu muna inda zari-ruga yake gab da 1995. Kamfanonin waya da ƴan kasuwa sun riga sun rataya tutocinsu a filin takobi. Kowane karo yana yawo a Facebook da TikTok kafin ƴan kokawar su kakkaɓe ƙasa, kuma ko sisi ba ya zuwa hannunsu. Ba da jimawa ba wani mai kuɗi zai lura cewa wasan da ke tsayar da ƙasa cik na kwana goma zai iya kawo kuɗi wata shida. Ba na tsoron zuwansa, ina ma fatan ya zo, don ɗan kokawa ya cancanci ya ci guminsa kamar tela da makaniki. Tsorona shi ne ya zo ya tarar ba a shirya ba, kamar yadda attajiran Ingila suka tarar.

Alamun rashin shirin kuwa muna ganinsu. Kowa ya san ɗan kokawa yakan tashi daga jihar da aka haife shi ya koma wadda ta fi kula da shi, har ka ji ana kiran mutum ɗan wata jiha alhali ko hanyar kasuwarta bai sani ba. Ban ga laifinsa ba, neman abinci yake. Zari-ruga ma ya sha wannan: samarin tsibiran Fiji da Samoa da Tonga suna cika ƙungiyoyin ƙasashe masu kuɗi, har hukumar duniya ta ƙara shekarun zama kafin mutum ya wakilci wata ƙasa daga uku zuwa biyar. Amma garin da ya rene shi, da tsohon da ya koya masa kamu, me suka samu? Kuma kowace shekara sai an yi ta raɗe-raɗin an sayar da kaye. Ko gaskiya ne ko ƙarya, dalilin da ya sa jama'a ke saurin yarda a fili yake: mutumin da ya san ba zai kai ƙarshe ba, kuma ba shi da komai sai wata goma sha ɗaya na jira, abu kaɗan zai iya sa gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Wa'azi ba ya maganin wannan. Abin da ke maganinsa shi ne faɗuwa da gaskiya ta fi sayar da kaye riba, wato ya kasance akwai wasa mako mai zuwa, da lada, da lasisin da mutum ke tsoron rasawa.

Ra'ayina, takobi ya zauna a hannun ƙasa, kada a sayar da ko kashi ɗaya nasa, don abin da aka sayar wa mai jari ba ya dawowa. Amma hukumar kokawa ta ƙasa ta buɗe gasar gundumomi daga kaka zuwa bazara, Kance da Magarya da Mirya da sauransu, a bar ƴan kasuwa su sa kuɗi bisa sharaɗi rubutacce, a ware wani kaso na magani, wani kuma ya koma ga garuruwan da ke fitar da yara. Kuma ƴan kokawa, na yanzu da tsofaffi, su sami kujera da ƙuri'a a inda ake yanke shawara. Tun 1975 ana yanke wa ɗan kokawa hukunci da Faransanci a ɗakin da ba ya ciki. A da kuwa, a dandali, wanda ya taɓa shan ƙasa shi ke raba gardama.

Mu malamai ma muna da namu laifin. Shekara nawa muna sa yara tsallen tsawo da jifan ƙarfe a darasin motsa jiki, yaron da ya iya kokawa kuma muna kallonsa kamar ɗan tasha? Ramin yashi ɗaya a bayan aji ya isa. Yaron da makaranta ta karɓi kokawarsa ba zai ga dole sai ya zaɓi ɗaya ba. Kuma shi ne gobe zai iya karanta takardar da aka miƙo masa, ya zauna a kujerar da nake cewa a ba su.

Da kwana biyun suka cika dattijon ya dawo, wannan karon tare da yaron. Na karanta musu takardar layi-layi ina fassarawa. An rubuta cewa yaron zai zauna a hannun mutumin shekara biyar, cewa duk kyautar da ya samu za a raba biyu, cewa ba zai yi kokawa ko'ina ba sai da izninsa. Babu hatimin wata hukuma. Babu maganar makaranta. Dattijon ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Mushe, in ya karye fa? Karanta mini wurin." Na juya takardar gaba da baya na ce, "Baba, babu wurin."

Ya karɓa ya ninke ta huɗu ya mayar aljihu. Yaron bai ce komai ba, amma na ga ransa ya ɓaci, kuma ya yi mako biyu ba ya haɗa ido da ni a aji. Abin da muka tsayar shi ne zai zauna har ya yi jarrabawar brebe, zai riƙa kokawa ranakun hutu, ni kuma na ɗauki alkawarin in raka shi da kaina ranar zaɓen ƴan kokawar gunduma in shekarunsa sun kai. Na nemi izni aka zuba mana yashi amalanke uku a bayan ajin ƙarshe. Kawuna, da sandarsa da kafaɗarsa mai ciwo, yana zuwa ran Asabar ya zauna a kan kujerata yana yi musu gyaran kamu. Yara goma sha ɗaya suka fara, makon jiya na ƙirga ashirin da shida, har da biyu da suka daina zuwa makaranta tun bara.